Take Sai an Kaɗa wa Mutum: Reggie Young da Sana'ar Raka Mawaƙa

Take, a wurin makaɗan ƙasar Hausa, gajeren kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ɗaya, ko sarauta ɗaya, ko sana'a ɗaya, wanda da an buga shi kowa ya san da wa ake, tun ba a ambaci suna ba. Sarki yana da nasa a bakin kakaki da tambari, mahauta suna da nasu a kalangu, maƙera a dundufa, manoma a gangar noma. Ɗan damben da ke zaune a gefen fage, da ya ji makaɗi ya juyo kan takensa, sai tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe yana tsuma, ko da bai zo da niyyar shiga ba. Daga hannun makaɗa kalmar ta bazu cikin harshe. Ana cewa taken ƙasa, da taken littafi, da taken taro. Idan kuma aka ce an gane take-taken mutum, to, an karanci inda ya dosa ne tun bai buɗe baki ba. Ma'ana ɗaya ce ke bin duk waɗannan: ɗan abu kaɗan da ke shigowa gaba, ya wakilci abu mai yawa da ke tafe.

Take da kirari 'yan gida ɗaya ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Kirari magana ce, kuma namiji yana iya tsayawa tsakiyar fage ya yi wa kansa. Take kuwa sai an kaɗa wa mutum. Mai take ba shi ya tsara shi ba, ba kuma hannunsa ne a kan fata ba, amma da an ji, sunansa ne ke faɗo wa mai sauraro, ba sunan makaɗin ba. Sana'ar tana tafe da sharaɗi mai nauyi: ƙarshen gwanintar makaɗi shi ne ya sa a tuna da wani. A kudancin Amurka an yi wani makaɗin jita da ya rayu a kan wannan sharaɗi fiye da shekara 60. Sunansa Reggie Young. Daƙiƙun farko na “Suspicious Minds” ta Elvis Presley, da “Son of a Preacher Man” ta Dusty Springfield, da “Drift Away” ta Dobie Gray, duk daga yatsunsa suka fito. Miliyoyin mutane suna gane waɗannan waƙoƙi tun murya ba ta shigo ba, su kira sunan mawaƙin nan da nan, kuma 'yan ƙalilan ne a cikinsu suka san wanda ya kaɗa.

An haifi Young ranar 12 ga Disamba, 1936, a Caruthersville ta jihar Missouri, ya tashi a Osceola ta jihar Arkansas, sannan iyayensa suka koma Memphis tun bai kai shekara 15 ba. Garuruwan nan uku duk a bakin kogin Mississippi suke, cikin ƙasar auduga. Mahaifinsa yana kaɗa jita irin ta Hawaii, wadda ake kwantarwa a cinya ana goga ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, saboda haka sautin da ke zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba baƙo ba ne a gidansu. Memphis kuwa mararraba ce. Tana kusurwar jihar Tennessee, inda ta yi iyaka da Arkansas da jihar Mississippi, kuma nan manoman auduga, baƙaƙe da farare, suke kawo amfanin gonarsu da waƙoƙinsu. Baƙar fata sun zo da buluz da waƙoƙin coci, suka cika titin Beale da su. Fararen ƙauye sun zo da kantiri. Dokokin wariya na wancan zamani sun raba makarantu da gidajen abinci da kujerun mota, amma ba su iya raba iska ba. Akwatin rediyo ɗaya ne ke kamo kowa.

A gaban wannan akwati Young ya yi karatunsa. Tashar WSM ta Nashville tana kawo masa Chet Atkins. Tashar WDIA ta Memphis, wadda a 1949 ta zama ta farko a Amurka da ta mayar da dukkan shirye-shiryenta ga masu sauraro baƙar fata, tana kawo B.B. King. Da dare kuma Dewey Phillips na tashar WHBQ yana cakuɗa faya-fayan kowa, shi ne ma ya fara sa faifan Elvis a 1954. Atkins da King hannu biyu ne mabambanta. Atkins mutumin tsafta da tsari ne: babban yatsa yana riƙe da gindin kiɗa, sauran yatsu suna zana karin waƙa a sama, babu sautin da ke faɗuwa banza. King kuwa tsirkiya ɗaya yake kamawa, ya tura ta har ta yi kuka, ya girgiza ta, sannan ya yi shiru ya bar ta ta huce. Young da kansa yakan ambaci waɗannan biyu a matsayin tushen hannunsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sai dai gidan da ya tashi kuka biyu ake yi a cikinsa, shi kuwa ya ɗauke su duka. Iya shiga kowane irin kiɗa, wanda daga baya aka riƙa yabonsa da shi, gadon gari ne kafin ya zama gwanintar mutum ɗaya.

A 1955 ya shiga Stompers, ƙungiyar Eddie Bond, kuma jitarsa ce a faifansu “Rockin' Daddy” na 1956. Suka yi yawon wasa tare da Johnny Cash da Carl Perkins da Roy Orbison. Daga nan ya bi mawaƙin kantiri Johnny Horton zuwa Shreveport ta jihar Louisiana, inda ake shirin rediyon nan Louisiana Hayride. A 1959 ya dawo Memphis ya zama cikin waɗanda suka kafa Bill Black's Combo, ƙungiyar da tsohon makaɗin bes na Elvis ya jagoranta a kamfanin Hi. A faifansu “Smokie, Part 2”, Young ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa har muryarta ta yi kauri, ya ɗauki fensir yana bugunsu da shi. Faifan, wanda zallar kiɗa ne babu rera waƙa, ya zo na ɗaya a jerin Billboard na kiɗan baƙar fata a farkon 1960. Sai aikin soja ya kira shi, aka tura shi Habasha. Bayan dawowarsa, a 1964, ƙungiyar ta zama mai share wa Beatles fage a babban rangadinsu na biranen Amurka. Dubban matasa sun cika filaye suna sowa, amma ba don masu share fage suka zo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri ya san matsayinsa ba sai an gaya masa ba.

Harshen yau da kullum bai cika yi wa mai wannan matsayi adalci ba. Idan aka ce wane ɗan rakiya ne, ana nufin cika taro kawai ya zo yi. Idan aka kira 'yan majalisa 'yan amshin Shata, ana nufin ba su da ta cewa sai maimaita abin da na gaba ya faɗa. Amma wanda ya saurari Mamman Shata da kunnen basira ya san amshi ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ke riƙe waƙa kada ta watse, shi ke ba mawaƙi sararin numfashi da na ƙulla ɗan waƙa na gaba, kuma sau da yawa amshin ne jama'a ke tafiya gida da shi. Masu kalangu da ke bayansa su ke shimfiɗa masa ƙasar da yake takawa. Rakiya ta gaskiya ta fi buƙatar kunne a kan baki: a san lokacin da na gaba zai tsaya, da lokacin da zai tashi, da girman gurbin da ya bari. Wanda ya sha gaban wanda yake rakawa ya ɓata rakiya, wanda ya yi nisa a baya ma ya ɓata ta.

Wurin da wannan hali na Young ya nuna shi ne American Sound Studio, wani ɗakin ɗaukar waƙa mara ƙyale-ƙyale a lamba 827, titin Thomas, arewacin Memphis, na furodusa Chips Moman. Daga 1967 Moman ya tara makaɗa na dindindin: Young a jita, Tommy Cogbill da Mike Leech a bes, Gene Chrisman a ganguna, Bobby Wood a fiyano, Bobby Emmons a ogan. Su ne aka sani daga baya da Memphis Boys. Tsakanin 1967 da 1971, kimanin waƙoƙi 120 da aka ɗauka a wannan ɗaki suka shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa. Ba a kawo musu kiɗa a rubuce. Marubucin waƙa ko mawaƙi zai rera ta da jita ɗaya ko fiyano, makaɗa su kasa kunne, kowa ya lalubo abin da zai sa, a gwada, a zubar, a sake, wani lokaci har asuba. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya: abin da ya fito a ƙarshe da wuya a ce ga na wane ga na wane. A irin wannan zama ake haifar take. Za a kai gaɓar da kowa ya ji waƙar ta tsaya da ƙafarta amma ba ta da ƙofar shiga, sai ido ya koma kan mai jita.

Baƙin da suka riƙa shigowa ba su yi kama da juna ba. A 1967 mabushin nan King Curtis ya ɗauki “Memphis Soul Stew”, inda yake kiran kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya a matsayin kayan haɗin girki. Da aka zo kan jita Young ne ya amsa, sai dai jitar aka kira, ba shi ba. A wannan shekara Wilson Pickett ya zo ɗaukar waƙoƙin Bobby Womack, marubuci kuma makaɗin jita bahago, wanda ya daɗe yana zama gefen Young suna kaɗawa tare. A 1968, lokacin da kunnen matasa ya karkata ga sautin Indiya, Young ya ɗauki wata jita da aka ƙera don ta yi ziza irin ta sitar, ya buɗe “Hooked on a Feeling” ta B.J. Thomas da ita, ya kuma ƙawata “Cry Like a Baby” ta Box Tops. A 1969 Neil Diamond, ɗan New York, ya ɗauki “Sweet Caroline”, Herbie Mann mai busa sarewar jaz kuma ya fitar da kundin “Memphis Underground” da ya ɗauka a ɗakin. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A wannan ɗaki kiɗa yana sauyawa kowane mako, wani lokaci tsakanin safe da yamma, makaɗan kuwa su ne dai.

Zaman da aka yi wa Dusty Springfield a watan Satumba na 1968 ya fito da wani ɓangare na sana'ar da ba a cika lura da shi ba. 'Yar Ingila ce da ta daɗe tana ƙaunar waƙoƙin baƙar fatan Amurka, kamfanin Atlantic ya kawo ta Memphis a ƙarƙashin Jerry Wexler da Tom Dowd da Arif Mardin. Ita ta saba a gama kiɗa kafin ta ɗora murya, su kuma sun saba gina kiɗa a jikin murya. A ƙarshe aka ɗauki kiɗan a Memphis, ta je New York ta rera daga baya. Ke nan Young ya raka muryar da ba ta iso ba tukuna. 'Yan sautukan da ya buɗe “Son of a Preacher Man” da su, masu taushi da jan rai, suna zamewa a hankali, sun riga sun faɗi yanayin waƙar, na sirri da tuna baya, tun mai ita ba ta ce uffan ba. Cikin waƙar kuma ya bar mata fili, da ta zo sai ta tarar da wurin zamanta a share.

Bayan wata huɗu, a Janairun 1969, Elvis Presley ya shigo. Rabonsa da ɗaukar waƙa a garinsu tun 1955, lokacin yana kamfanin Sun, kuma shekarun fina-finai sun rage masa kwarjini a kasuwar faifai. Moman da makaɗansa ba su sauya yadda suke aiki ba don girman baƙo. Tsohuwar jitar Scotty Moore, makaɗin da ya fara raka Elvis a 1954, ta riga ta koma hannun Moman, tana kuma cikin waɗanda Young ke kaɗawa a ɗakin. A zaman Janairu da Fabrairu aka samu “In the Ghetto” da “Kentucky Rain” da “Suspicious Minds”, da kundin “From Elvis in Memphis”. “Suspicious Minds”, wadda Mark James ya rubuta, ta zo ta ɗaya a babban jerin Billboard a Nuwamban 1969, ita ce kuma ta ƙarshe da Elvis ya taka wannan matsayi da ita. Tana buɗewa da jitar Young, wani ɗan zagaye na sautuka da ke hawa ya sauko ya koma inda ya faro, daidai da zargin da waƙar ke magana a kai, wanda ba ya kai masu shi ko'ina. A “In the Ghetto” kuwa, labarin yaron da aka haifa cikin talauci a Chicago, ya riƙe 'yan sautuka kaɗan yana maimaitawa a natse, bai yi wa labarin ado ba, domin labarin ba na ado ba ne.

Taken da zai kama dole ya zama gajere, har mai wucewa ya iya tafiya da shi yana fito. Dole kuma ya fito daga cikin waƙar kanta, ba a ɗauko shi daga waje a liƙa mata ba. Shi ya sa na wannan waƙa ba ya zama a kan waccan. A zamanin faifai da rediyo batun har da ciniki a ciki, domin masu zaɓen waƙa a tashoshi suna da tulin sababbin faya-fayai a gabansu, kuma da yawa daga farkon waƙa suke yanke hukunci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sauran aikin mai rakiya yana cikin gurabe. Mawaƙi ya kai ƙarshen jimla ya ja numfashi, jita ta amsa da sautuka uku ko huɗu, ta janye kafin murya ta dawo. Kira da amsa ke nan, tsarin da buluz da waƙoƙin cocin baƙar fata suka ginu a kai, wanda masana kiɗa ke danganta asalinsa da Afirka ta Yamma. Makaɗi mai ɗokin a gan shi yana cika kowane gurbi. Gwani yana zaɓar wanda zai cika, ya ƙyale sauran. Mai sauraron faya-fayan Young a tsanake zai tarar shirunsa ya kusa yawan kiɗansa.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, sai dai ɗakin ɗaukar waƙa ya sa sanin mai ita ya yi wuya. A dokar haƙƙin mallaka, mai waƙa shi ne wanda ya rubuta baitoci da karinsu, shi ke karɓar kaso duk sanda aka sayar da ita ko aka sa ta a rediyo. Mawaƙi yana da nasa kason a cinikin faifai, ga suna ga hoto a bango. Mai rakiya kuwa kuɗin zama ake biyansa, bisa farashin da ƙungiyar makaɗa ta ƙayyade, kuma taken da ya ƙirƙira ba a lissafa shi cikin rubutun waƙa, ko da shi ne abin da jama'a suka fi riƙewa. A shekarun 1960 sau da yawa ko sunansa ba a bugawa. Makaɗan kamfanin Motown na Detroit sai a 1971, a kundin Marvin Gaye “What's Going On”, aka fara jera sunayensu. Karin maganar da ta dace ba ta da nisa: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Amma ba ta ɗauke duka gaskiyar ba. Makaɗin situdiyo yana kwana a gidansa, aikinsa ba ya mutuwa don kasuwar mawaƙi ɗaya ta mutu, ba a kuma ɗaure shi da salon da jama'a suka saba. Tauraro dole ya maimaita kansa kowane dare. Mai rakiya gobe sabuwar waƙa zai tarar. Mawaƙa da dama da Young ya raka sun haska shekara biyu ko uku suka dushe, shi kuwa ana ta kiransa.

Memphis ɗin da ta raine shi ba ta ɗore yadda take ba. Kiɗan garin ya ginu ne a kan zaman baƙi da fari a ɗaki ɗaya, a kamfanonin Stax da Hi da kuma ɗakin American. Kisan Martin Luther King a otal ɗin Lorraine, ranar 4 ga Afrilu, 1968, ya bar tabo a garin, kuma makaɗa da yawa sun shaida cewa zaman bai koma kamar da ba. A 1972 Moman ya rufe ɗakin ya koma Atlanta, makaɗan suka bi shi, zaman bai yi tsawo ba, Young ya wuce Nashville. Stax ta durƙushe a 1975, ginin American kuma daga baya aka rushe shi. Irin waɗannan ƙungiyoyi na gari guda, har da na Muscle Shoals a Alabama da na Detroit, su suka sa a wancan zamani mai kunne yana iya gane garin da aka ɗauki waƙa daga jin yadda ganga da bes suke tafiya. Idan suka watse, lafazin garin ba ya mutuwa nan da nan. Yana bin hannun mutanen zuwa duk inda suka sauka.

Nashville tsarinta daban. Aiki a kan agogo yake: zama na awa uku, ƙarfe 10 na safe, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, kuma a kowane zama ana sa ran gama waƙa uku ko huɗu. Makaɗa suna rubuta tsarin waƙa da lambobi, dabarar da Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya faro a ƙarshen shekarun 1950, ta yadda in mawaƙi ya ce a ɗaga murya ko a sauke, takardar ba ta sauyawa. Wanda ya saba lalube har asuba, yanzu sai ya nemo ƙofar waƙa tun ba a gama sauraronta karo na biyu ba. Young ya shigo da abin da garin bai wadata da shi ba, wato lafazin Memphis. “Drift Away”, wadda Mentor Williams ya rubuta ta fito a 1973, ta haɗa mawaƙi baƙar fata Dobie Gray da birnin kantiri, jitar Young kuma ta tsaya tsakani, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can. “I Can Help” ta Billy Swan ta zo ta ɗaya a jerin kantiri da kuma babban jerin gama-gari a 1974. Sai “Luckenbach, Texas” ta Waylon Jennings a 1977, da “Always on My Mind” ta Willie Nelson a 1982, da “That's the Way Love Goes” ta Merle Haggard a 1983, ban da faya-fayan Hank Williams Jr. da George Strait da Reba McEntire da Kenny Rogers. Kaset ɗin Kenny Rogers ya yi yawo a Nijeriya, a motocin haya da gidajen rediyo, saboda haka kunnuwa da yawa a Kano da Kaduna da Jos sun ji hannun Young ba su san sunansa ba.

Akwai zargin da ke bin mai iya abu da yawa. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu iya magana, kuma akan ɗauka wanda ya shiga kowane salo ba shi da nasa. Faya-fayan Young sun nuna akasin haka. Bai zama wani mutum dabam a kowane zama ba. Hannu ɗaya ne yake kaiwa ko'ina, sai dai ya san wane ɓangarensa waƙar ke nema. Alamunsa sanannu ne: sauti mai tsabta, tsirkiya biyu da ke zamewa tare, tura tsirkiya a hankali har ta kai muryar da ake so, da amfani da na'urar da ake takawa da ƙafa, inda yakan kaɗa tsirkiya murya a rufe sannan ya buɗe sannu-sannu, sai sautin ya kumbura ya shigo ba a ji bugunsa ba. A waƙar sol ta baƙar fata waɗannan alamu sukan kawo ƙanshin kantiri, a waƙar kantiri kuma su kawo na buluz, wannan ɗan baƙunci ne furodusoshi ke nema idan suka kira shi. Makaɗa 'yan'uwansa suna gane shi da zarar ya taɓa jita, Eric Clapton ma ya yabe shi a littafin tarihin rayuwarsa. Mai kaɗa wa wasu take, shi ma hannunsa ya zama shaida, sai dai 'yan sana'a ne ke karanta ta.

A 1985 Chips Moman ya haɗa manyan mawaƙan kantiri huɗu a kundi ɗaya, Johnny Cash da Willie Nelson da Waylon Jennings da Kris Kristofferson, waɗanda aka sani da Highwaymen, kuma Young yana cikin makaɗan. Da suka fara rangadi a 1990 ya bi su ya hau dandamali. Jarrabawa ce ta musamman ga mai rakiya, domin muryoyin huɗu ba su tafiya iri ɗaya: Cash yana takawa daidai da nauyi, Nelson yana jinkiri a bayan kiɗa sannan ya cim masa, Jennings yana son bugu mai ƙarfi a ƙasa, Kristofferson kusan magana yake yi. A waƙa ɗaya sukan karɓi baiti ɗaya bayan ɗaya, mai jita kuma dole ya sauya amsarsa sau huɗu ba tare da waƙar ta tsinke ba. Daga baya ya shiga Waymore Blues Band, ƙungiyar da ta raka Jennings a wasanninsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 2002.

Young mutum ne mai ajiye lissafi. Shekara da shekaru yana rubuta kowane zama a littafi, da rana da sunan mawaƙi, kuma waɗannan littattafai sun zama madogara ga masu binciken tarihin American Sound Studio, tun da faya-fayan kansu ba su faɗi wanda ya kaɗa ba. Karramawa ta zo a makare amma ta zo. A 2007 aka shigar da Memphis Boys zauren Musicians Hall of Fame na Nashville, a 2008 gidan tarihin Country Music Hall of Fame ya keɓe masa zama a jerin karrama makaɗan situdiyo, a 2010 kuma Roben Jones ta wallafa littafi a kan ɗakin da makaɗansa. Sai a 2017, yana da shekara 80, ya fitar da kundi na farko da sunansa, “Forever Young”, zallar kiɗa mai natsuwa babu mawaƙi. Ya rasu ranar 17 ga Janairu, 2019, a gidansa da ke Leiper's Fork ta jihar Tennessee, yana da shekara 82. A farkon 2019 ɗin kamfanin Ace na Ingila ya fitar da “Session Guitar Star”, kundin da ya tattaro waƙoƙin mawaƙa dabam-dabam daga shekarun 1950 zuwa gaba, waɗanda babu abin da ya haɗa su sai makaɗin jitar da ya raka su.